Bannockburn: yaƙin da Robert Bruce ya daɗe yana kauce wa

A ranakun 23 da 24 ga watan Yuni na 1314, a gefen wani rafi mai suna Bannock da ke kudu da garin Stirling, dakarun Sikotland ƙarƙashin Sarki Robert Bruce suka tarwatsa rundunar Sarki Edward na Biyu na Ingila, wadda ta ninka su yawa. Da ƙyar sarkin Ingila ya sha, ya bar kaya da tantuna da hatiminsa a hannun abokan gaba. Yadda aka saba ba da labarin shi ne ƙaramar ƙasa ta miƙe ta kori mai mamaya, daga nan ta samu 'yanci. Akwai gaskiya a ciki, amma an taƙaita ta har ta kusa ɓacewa. Ingila ba ta amince da sarautar Bruce ba sai bayan shekara 14 da wannan yaƙi. Kuma a ganina, waɗanda aka fi karya wa lago a Bannockburn 'yan Sikotland ne 'yan uwan Bruce, waɗanda ke kallonsa a matsayin ɗan ƙwace mai jini a hannu.

Tushen rigimar gadon sarauta ne. A watan Maris na 1286 Sarki Alexander na Uku ya faɗo daga kan doki da dare kusa da Kinghorn, ya mutu, alhali 'ya'yansa duk sun riga shi. Magajiyarsa tilo ita ce jikarsa Margaret, 'yar sarkin Norway, ita ma ta rasu a Orkney a 1290 tana 'yar shekara 7, a kan hanyar zuwa ƙasar kakanta. Mutum 13 suka fito neman gadon, manyansu biyu su ne John Balliol da Robert Bruce, kakan wanda muke magana a kansa. Don gudun yaƙin basasa aka bar wa Edward na Ɗaya na Ingila alƙalanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Edward ya ce zai yi, amma sai masu nema sun fara amincewa shi ne uban gidan duk wanda zai hau. Ya ba Balliol sarauta a 1292, sannan ya shiga bi da shi kamar hakiminsa, yana kiransa shari'a a Ingila, yana neman sojoji a wurinsa don yaƙar Faransa. Da manyan Sikotland suka gaji suka ƙulla ƙawance da Faransa a 1295, Edward ya auka musu a 1296, ya yi wa mutanen Berwick kisan gilla, ya tuɓe Balliol, ya ɗauke dutsen da ake naɗa sarakunansu a kai daga Scone ya kai Westminster.

William Wallace da Andrew Moray sun ci Ingila a gadar Stirling a watan Satumba na 1297, kuma da sunan Sarki John Balliol Wallace ya riƙe ƙasa. Shekara ba ta zagayo ba Edward da kansa ya zo ya murƙushe shi a Falkirk, ranar 22 ga Yuli 1298. A riƙe sunan Falkirk, domin duk abin da Bruce ya yi daga baya yana ɗauke da darasin wannan rana. A 1304 kusan kowa ya miƙa wuya, a 1305 aka kashe Wallace a Landan.

A duk waɗannan shekaru gidan da ya fi ɗaukar nauyin gwagwarmaya shi ne gidan Comyn. John Comyn na Badenoch ɗan 'yar uwar Balliol ne, ya riƙe ƙasa a matsayin wakilin sarki, ya ci wata rundunar Ingila a Roslin a 1303. Shi kuwa Bruce ya shiga ya fita, har ya koma wajen Edward a 1302, domin dawowar Balliol na nufin gidansu ya rasa sarauta har abada. Ranar 10 ga Fabrairu 1306 mutanen biyu suka haɗu a wani coci a Dumfries, magana ta yi zafi, Bruce ya daɓa wa Comyn wuƙa a gaban wurin ibada, mutanensa suka ƙarasa shi. Mako shida bayan haka aka naɗa Bruce sarki a Scone. Paparoma ya kore shi daga jama'ar coci. Manyan gidaje da dama na Sikotland suka ɗaura niyyar ɗaukar fansa, kuma ba su da wurin jingina sai Ingila. Mutumin da ya yaƙi Edward shekara da shekaru ya wayi gari yana cikin rundunarsa, don wanda ya kashe ɗan uwansa ya hau gado. Ina ganin rashin adalci ne a kira irin waɗannan maciya amana kawai a wuce.

Farkon sarautar Bruce masifa ce. An ci shi a Methven a watan Yuni na 1306. An kashe ƙannensa uku, Neil da Thomas da Alexander. An kama matarsa Elizabeth da 'yarsa Marjorie da 'yan uwansa mata biyu, aka sa ɗaya daga cikinsu, Mary, a keji a Roxburgh. Abin da ya cece shi shi ne mutuwar Edward na Ɗaya ranar 7 ga Yuli 1307, a kan hanyarsa ta zuwa gamawa da shi. Ɗan da ya gaje shi ya juya kudu, ya nutse cikin rigima da manyan masu sarautarsa a kan amininsa Piers Gaveston, wanda suka kashe a 1312. Bruce bai ɓata wannan dama ba, kuma wurin da ya fara nufa yana nuna wanda ya ɗauka babban abokin gaba: ya nufi arewa, ya ci wani John Comyn dabam, mai sarautar Buchan, kusa da Inverurie a 1308, ya sa aka ƙone ƙasar Buchan daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya juya kan gidan MacDougall a yamma.

Da Ingila kuwa dabararsa ita ce kada ya ja daga. Lokacin da Edward na Biyu ya shigo da runduna a 1310, Bruce ya janye, ya bar su suna yawo a ƙasar da babu abinci har suka gaji suka koma. Ba shi da injinan fasa ganuwa, saboda haka sai ya koma kan tsani na igiya da duhun dare. A watan Janairu na 1313 shi da kansa ya ratsa ruwan gwalalon Perth cikin sanyi. A Fabrairun 1314 James Douglas ya kama Roxburgh, a Maris Thomas Randolph ya hau dutsen Edinburgh ta gefen da ba a tsaro. Duk ganuwar da aka kama sai a rushe ta, don kada Ingila ta sake samun wurin zama. Kuɗin yaƙi kuma daga arewacin Ingila yake fitowa, inda garuruwa ke biyansa don ya bar musu gonaki da rumbuna. Wannan dabara tana ci, ba ta bukatar ya sa sarautarsa a caca ta wuni guda.

To me ya kawo Bannockburn? A watan Oktoba na 1313 Bruce ya ba sauran 'yan Sikotland da ba su yi masa mubaya'a ba wa'adin shekara guda: ko su zo, ko su rasa ƙasashensu. Waɗannan mutane suka kai kuka ga Edward, kuma in bai zo ba babu wanda zai sake dogara da shi a arewa. Sannan ga Stirling. Ganuwarta na kan dutse tana kallon mashigar kogin Forth, gabas ruwa mai faɗi, yamma fadama da duwatsu, duk mai son ratsawa tsakanin kudanci da arewacin ƙasar kusan sai ya bi ta ƙarƙashinta. Mai riƙe da ita, Philip Mowbray, shi ma ɗan Sikotland ne a ɓangaren Ingila. Ya yi yarjejeniya da Edward Bruce, ƙanen sarki, cewa in ɗauki bai iso ba zuwa 24 ga Yuni zai miƙa ganuwar. Wannan wa'adi ya tilasta wa sarkin Ingila hanya da rana, kuma ya ba Bruce damar sanin inda zai jira.

Masana tarihi na kiyasta cewa Edward ya zo da barade masu sulke tsakanin 2,000 zuwa 3,000 da dakarun ƙasa fiye da 10,000, ciki har da 'yan baka daga Wales da arewacin Ingila. Bruce yana da kamar 6,000 zuwa 8,000, kusan duk a ƙasa. Amma rundunar Ingila ta zo da ciwonta. Thomas na Lancaster, mafi ƙarfin masu sarautar ƙasar, da na Warwick da Surrey da Arundel sun ƙi zuwa da kansu. Sarki ya raba jagorancin sahun gaba tsakanin ɗan 'yar uwarsa Gilbert de Clare mai sarautar Gloucester, saurayi ɗan shekara 23, da Humphrey de Bohun mai sarautar Hereford, wanda ke ganin wannan matsayi gadon gidansu ne. An kuma koro mutane da dawaki da sauri daga kan iyaka don a cika wa'adi, suka iso a gajiye.

Makamin Bruce shi ne taron masu dogon mashi da suke kira schiltron: mutane ɗaruruwa kafaɗa da kafaɗa, sahu bayan sahu, tsinin masu a waje ta ko'ina kamar bushiya ta dunƙule. Doki, komai horonsa, ba ya son faɗa wa irin wannan. Wallace ya yi amfani da shi a Falkirk, barade kuma sun kasa fasa shi. Sai dai mutanensa tsaye suke wuri guda, babu dawakin da za su kare su, sai Edward na Ɗaya ya ja baradensa baya ya sa 'yan baka suka yi ta zuba musu kibau har sahu ya yi giɓi, sannan dawaki suka shiga. Abin da Bruce ya ƙara shi ne tafiya. Ya horar da mutanensa su yi gaba a dunƙule ba tare da sahu ya watse ba, abin da ke da wuya ƙwarai ga manoma da masunta riƙe da mashi mai tsawon fiye da mutum biyu. Kuma yawancinsu sun shekara da shekaru suna yaƙi tare, ƙarƙashin shugabannin da suka sani: sarki, ƙanensa Edward, Randolph da Douglas.

Duk da haka, wurin da ya zaɓa ranar farko wuri ne na mai shirin janyewa. Ya zauna a dajin farauta na New Park, hanyar Stirling na ratsa gabansa, ya sa aka haƙa ramuka a gefenta aka rufe da ciyawa, bayansa kuma a buɗe zuwa duwatsun yamma. Mowbray ya fito ya shaida wa Edward cewa isowarsa kusa ta riga ta cika sharaɗin ɗauki, ba dole ne a yi gaggawa ba. Sahun gaba bai saurara ba. Wani barde, Henry de Bohun, ɗan uwan mai Hereford, ya hango Bruce a kan ƙaramin doki yana duba sahu, ya saita mashi ya sako doki. Bruce ya goce, ya miƙe a kan likkafa, ya raba masa kai da gatari. A ɗaya gefen kuma Robert Clifford da Henry Beaumont sun ɗauki barade ɗaruruwa sun zagaya don su kai ganuwa, Randolph ya fito fili da masu mashi ya tare su kusa da cocin St Ninian. Baraden ba su zo da 'yan baka ba, suka yi ta kewaya har suka gaji suka watse. Wannan karo na biyu ya fi na gatari muhimmanci, ko da ba a cika ba da labarinsa ba, domin a nan dakarun ƙasa suka gani da idonsu cewa za su iya fita fili su kori dawaki.

Da yamma Edward ya yanke shawarar da ta kashe shi. Ya sauka daga hanya, ya tsallaka rafin Bannock, ya yi sansani a ƙasa mai laka da ƙoramu wajen kogin Forth, don dawaki su sha ruwa. A tsakiyar Yuni dare gajere ne a can, mutanen suka kwana a jiƙe, da makamai a jiki, suna tsoron farmakin dare. A cikin wannan daren wani barde ɗan Sikotland, Alexander Seton, ya bar sansanin Ingila ya zo ya gaya wa Bruce cewa zukatansu sun karaya, in ya fito da safe zai ci. A wannan daren kuma David mai sarautar Atholl, wanda ke auren 'yar Comyn ɗin da aka kashe, ya juya wa Bruce baya ya auka wa ma'ajiyar abincinsa a Cambuskenneth. Dare guda, mutum biyu sun sauya ɓangare, kowa ya bi ta inda ɗan uwansa ya fito. Haka yaƙin yake tun farko.

Gari na wayewa 'yan Ingila suka ga abin da ba su zata ba: dakarun ƙasa sun fito daga daji suna nufo su. Suka durƙusa suka yi addu'a, suka tashi suka ci gaba. Tun farko Gloucester ya shawarci sarki a huta wuni guda, sarki ya zarge shi da tsoro, saboda haka da aka fara sai ya sako doki kan sahun Edward Bruce ba tare da rigar da ke nuna ko shi wane ne ba, aka kashe shi nan take. Clifford ma ya mutu. Daga nan yawan rundunar Ingila ya zama mata kaya. Ruwa ta hagu, ruwa ta dama, ruwa a baya, masu mashi na matso su ta gaba. Barde ba shi da filin da zai ja baya ya sake sukuwa, dawakin da aka soka suna komawa kan na bayansu, dakarun ƙasa dubbai suna can baya ba su ma kai ga abokin gaba ba. 'Yan baka da suka ci Falkirk sun makale a bayan nasu, in sun harba sai su sami bayan baradensu. John Barbour, wanda ya rubuta labarin Bruce kimanin shekara 60 bayan yaƙin, ya ce da wasu 'yan baka suka samu fita gefe suka fara ɓarna, Robert Keith ya auka musu da mahaya 500 ya watsa su. Shi ne kuma ya ce masu hidimar sansani sun fito daga bayan tudu, aka ɗauka sabuwar runduna ce.

Edward na Biyu bai yi ragwanta a ranar ba, ya yi faɗa har sai da aka ja linzaminsa aka fitar da shi. Giles d'Argentan, ɗaya daga cikin shahararrun baraden zamanin, ya raka shi har ya ga ya tsira, sannan ya koma cikin yaƙin ya mutu. Da aka ga tutar sarki ta bar fili sai kowa ya yi ta kansa, mutane da yawa suka halaka a rafin Bannock da kogin Forth. Mowbray ya shaida wa sarki cewa in ya shiga ganuwa kama shi za a yi, sai ya yi sukuwa zuwa Dunbar, Douglas na bin sa, daga can ya shiga jirgin ruwa. Cikin gawarwakin da aka bari akwai John Comyn ƙarami, ɗan wanda aka kashe a Dumfries.

Ribar farko ta gida ce. An kama mai Hereford a Bothwell, aka yi musayarsa da matar Bruce da 'yarsa da 'yar uwarsa Christina da Bishop Robert Wishart na Glasgow, wanda ya makance a tsare. Mowbray da Patrick mai Dunbar suka yi mubaya'a. A watan Nuwamba majalisa ta zauna a Cambuskenneth ta zartar cewa duk wanda ya mutu yana yaƙar sarki, ko ya ƙi zuwa, shi da magadansa sun rasa ƙasarsu. Wannan doka ta rufe ƙofar da ta daɗe a buɗe, ta mutum ya riƙe gona a Ingila ya riƙe a Sikotland ya yi wa sarki biyu biyayya. A nan nake ganin ainihin abin da Bannockburn ya yi: a zamanin da ake ɗaukar nasarar yaƙi hukuncin Allah ne, mai ƙwace ya zama sarkin da ba a iya musantawa a cikin gida.

A waje kuwa Edward ya ƙi ko kiransa sarki. Bruce ya ci gaba da ƙona arewacin Ingila, ya tura ƙanensa Edward zuwa ƙasar Ailan a 1315, inda aka kashe shi a Faughart a 1318, shekarar da Berwick ta dawo hannun Sikotland. A 1320 manyan ƙasa suka aika wa Paparoma John na 22 wasiƙar Arbroath, wadda ta ce muddin mutum ɗari daga cikinsu na raye ba za su yarda da mulkin Ingila ba, kuma ko Bruce ne ya nemi miƙa su za su kore shi su naɗa wani. A wannan shekarar aka bankaɗo makircin William Soules na kawar da Bruce, abin da ke nuna wutar gida ba ta mutu ba.

Abin da ya kawo amincewa daga ƙarshe ya biyo ta wata hanya da ta faro daga gawar Gloucester. Ya mutu ba ɗa, aka raba dukiyarsa mai yawa tsakanin 'yan uwansa mata uku. Mijin babbarsu, Hugh Despenser, ya zama sabon aminin sarki, haɗamarsa ta jefa Ingila cikin yaƙin basasa, har Sarauniya Isabella da Roger Mortimer suka tuɓe Edward a Janairun 1327. Gwamnatinsu ba ta da kuɗi ba ta da gindi, Bruce kuma ya matsa mata da hari. A 1328 aka ƙulla yarjejeniyar Edinburgh da Northampton: Ingila ta amince Sikotland ƙasa ce mai cin gashin kanta kuma Robert ne sarkinta, Sikotland za ta biya fam 20,000, aka aurar da Joan, ƙanwar sabon sarkin Ingila Edward na Uku, 'yar shekara 7, ga David ɗan Bruce mai shekara 4. Bruce ya rasu ranar 7 ga Yuni 1329.

Waɗanda aka raba da gadonsu a Cambuskenneth ba su manta ba. Jagoransu Henry Beaumont ne, wanda Randolph ya kora ranar farko a Bannockburn, mai neman sarautar Buchan ta hannun matarsa Alice Comyn. Ya ga yadda dawaki suka kasa, ya kuma gane dalili. A watan Agusta na 1332, bayan Douglas da Randolph duk sun mutu, ya sauko da Edward Balliol, ɗan Sarki John, da 'yar ƙaramar runduna. A Dupplin Moor baradensa suka sauka daga dawaki suka tsaya a ƙasa, 'yan baka a gefe biyu, masu mashin Sikotland suka matso a dunƙule kamar yadda suka saba, kibau suka cusa su cikin juna har da yawa suka mutu da matsi. Aka naɗa Balliol a Scone. Edward na Uku ya maimaita wannan tsari a Halidon Hill ranar 19 ga Yuli 1333, aka gudu da yaro David zuwa Faransa a 1334. Sai a 1356 Edward Balliol ya sauka daga da'awarsa, a 1357 kuma David, wanda aka kama a yaƙi bayan ya komo daga Faransa, ya dawo daga zaman fursuna na shekara 11 a Ingila ya ci gaba da mulki a kan gadon ubansa.